Shekarar da Baba Ya Tumɓuke Gamba

Mahaifinmu ɗan sanda ne, kuma ajiye kakin da ya yi bai raba shi da halin ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin, ya yi ritaya da muƙamin Sufeto, sunan kuma ya bi shi har ranar da aka kai shi makwancinsa. Mu 'ya'yansa a bariki muka tashi. Bana muna wannan gari, baɗi an ɗaga mu zuwa wancan, har ya zama mu shida kowa da garin da aka binne cibiyarsa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta ƙware a ɗaurin kaya fiye da 'yan dakon tasha.

Har yau in na ji warin man takalmi sai in tuna safiyar bariki. Ina tuna dutsen guga na gawayi da yake hurawa da kansa, don bai yarda da gugar kowa ba, har ta Inna. Ya goge kakinsa, ya goge kayan makarantarmu, ya rataye su a igiya daga na babba zuwa na auta. Ranar Asabar kuwa fareti ake yi a tsakar gida. Mu jeru, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba farce da kunne da bayan wuya. 'Ya'yan maƙwabta su leƙo suna dariya, mu kuma muna cika muna batsewa.

Bai taɓa dukanmu ba, kuma wallahi da duka yake yi da ya fi mana sauƙi. Idan biyu suka yi faɗa sai ya raba su, wannan ya tsaya wajen randa, wancan ya biyo shi ɗaki. Ya ji ta bakin kowa shi kaɗai. Ya sake maimaita tambayar da ya yi ɗazu ta wata fuskar, murya a kwance, har mai ƙarya ya harɗe da bakinsa. Ni na fi kowa shan wannan zama, domin tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Amma mutumin nan ne dai, in wata ya ƙare, zai shigo da balangu a takarda, ya zauna a ƙasa ya kasa shi shida, ya cire wa Inna nata, ya ce shi ya ci nasa a hanya. Sai da na girma na gane ba ya cin komai a hanya.

Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Sandamu, ba nisa da Daura. Baba bai zauna a cikinsa sosai ba. Yana ɗan shekara bakwai wani kawunsa ya ɗauke shi ya sa shi makarantar boko a Daura, daga can kuma sai aikin ɗan sanda. Noma dai da ido ya san shi. Wanda ya zauna a gida shi ne yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa. Doguwar tafiyar Baffa a duniya ita ce Kano, ita ma sau biyu. Shi ya riƙe tsofaffi har suka rasu, shi ya riƙe gona. Duk kaka, ko a wace uwa duniya muke, sai wani direban babbar mota ya yi sallama a ƙofar bariki da buhunan gero da wake, ya ce in ji Baffa, amfanin gonar Sufeto ne.

Da ritaya ta zo, abokan aikinsa suka ba shi shawara ya zauna a birni, inda akwai wuta da asibiti. Ya ƙi. Ya gina gida jikin na Baffa, katanga ɗaya ta raba su. Ba gona ce ta ja shi gida ba, ba kuma arhar zama ba. Da bakinsa ya gaya min dalili. Ya ce shekara talatin da biyar yana cin abinci shi kaɗai a kan tebur, da cokali, ido a kan agogo. A ƙauyenmu kuwa, in an idar da sallar magariba, kowane gida kan fitar da kwanon tuwo ƙofar gida, 'yan'uwa su zauna a tabarma ɗaya, a buɗe wannan a cinye, a jawo wancan. Wannan zaman yake so ya yi da yayansa kafin ɗayansu ya mutu. Ya kuwa samu. Wata bakwai suna ci tare, Baffa na yi masa tsiya wai yana loma kamar ana busa masa usur, shi kuma yana cewa miyar gidan Baffa ba ta ji gishiri ba. Inna ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa jin yana ƙyaƙyata dariya irin ta watannin nan ba.

A bazarar shekarar aka kawo ni gida goyon ciki, na yi haihuwar fari, na zauna wankan jego. Don haka abin da ya faru a kan idona ya faru. Ina tsakar gida da jaririya a cinya, ina shan kunun kanwa ina kallon kowa.

Gonar kakanmu kashi biyu aka yi ta, rabi na Baffa, rabi na Baba, kuma gamba ce a tsakani. Ga wanda bai san ƙasarmu ba, gamba doguwar ciyawa ce da ake dasawa a kan iyakar gona. Saiwarta ba ta mutuwa. Da kaka a yanke ta a saƙa zana, da damina ta sake tohowa a inda take. Ita ce takardar filin manomi. Mutum ba ya taɓa saiwar sai in duk masu iyakar suna tsaye a wurin. Ko yaron da bai isa riƙe fartanya ba ya san wannan a ƙauyenmu.

To ita iyakar tasu a karkace take. Ta taso daga bakin hanya a miƙe, ta zo tsakiya ta yi ciki, ta zagaye wani tsohon gawo ta bar shi a ɓangaren Baffa, sannan ta ci gaba tana 'yan kwane-kwane. Baba kuwa mutum ne da in ya ga tabarma a karkace sai ya tashi ya gyara ta. Lokacin sharar gona ya je ya ƙare mata kallo, ya dawo yana girgiza kai.

"Wannan iyaka ai tafiyar maciji ce," in ji shi. "Shanun huɗa ma wahala suke sha a banza."

Ya shiga Daura ya sayo tef ɗin awo irin na magina, da igiya, ya sa aka feƙe masa turaku. 'Yan kwanaki bayan suna Baffa ya tafi Baure ta'aziyya, zai kwana biyu, sai Baba ya ce ranar ta zo. So yake yayansa ya dawo ya tarar da aiki a gyare, ya ji daɗi. Inna ta bi shi har zaure.

"Malam, da ka jira Yaya ya dawo."

"Gyara zan yi, ba ɓarna ba."

"Gamba ce fa."

"Na san gamba ce. Ciyawa ce dai."

Duk saurayin da ya yi wa maganar ƙwadago a ƙauyen sai ya ce yana da uzuri. Da wani ne da ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Baba ya ɗauka lalacin 'yan zamani ne, ya je bakin titi ya samo wasu baƙi biyu masu neman aiki. Suka tumɓuke gambar kaf, aka tara ta da kararen bara aka cinna wuta. Ya ja igiya daga wannan kai zuwa wancan, ya kafa turaku. Kuma in faɗi gaskiya, bai ci wa Baffa ko taku ɗaya ba. Abin da ya shigo ɓangarenmu a tsakiya, har da gawon, ya mayar wa Baffa da madadinsa a ƙarshen gona. Har zane ya yi a takarda, irin wanda yake yi a wurin hatsarin mota, da kibiyoyi da lambobi. Ya dawo gida duk jikinsa toka, yana ta fara'a.

Baffa ya dawo, washegari da safe ya je gona. Ya komo bai ce wa kowa uffan ba. Da magariba Baba ya shimfiɗa tabarma, aka fitar da kwanonmu, ya zauna yana jira. Kwanon gidan Baffa bai fito ba, Baffa ma bai fito ba. Baba ya ce wataƙila gajiyar hanya ce, a shigar masa da tuwon ciki. Ba a jima ba aka dawo da kwanon a rufe, malmalar tuwon ko yatsa bai taɓa ta ba.

Haka aka yi washegari, haka aka yi ta yi.

Baffa bai yi gaba irin ta jahilai ba. In Baba ya gaishe shi yana amsawa, lafiya lau, ya wuce. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Yakan shigo ya duba ni, ya karɓi jaririyar ya tofa mata addu'a, ya tambaye ni ƙarfin jiki. Cin abincin kawai ya janye, kuma ya san inda ya taɓa.

Sai Baba ya shiga bincike. Da farko ya yanke cewa gawon ne, tunda awakin Baffa ke cin 'ya'yansa da rani. Ya aika a gaya masa gawo nasa ne har abada, ko ta ina igiya ta bi. Shiru. Ya bi maƙwabtan gona ɗaya-ɗaya yana yi musu tambayoyi, kowa shi kaɗai, yadda ya saba. Kowa ya ce masa, "Sufeto, harshe da haƙori ma ana saɓawa, ku dai ku daidaita." Daga nan ya tafka kuskuren da ya fi na farko. Ya naɗe takardar zanensa ya tafi wurin mai unguwa, wai a shaida bai ci ƙasar kowa ba. A ganinsa wanke kansa ya je yi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Sufeto ya kai yayansa ƙara. Tun daga ranar Baffa ya daina shigowa duba jaririya.

Mata masu zuwa duba ni suka sami abin yi. Su zauna, su yaba jaririya, sannan su karkato da zance. Wata tsohuwa mai goro a kumatu ta ce ai dama ɗan sanda ba shi da ɗan'uwa, ko uwarsa ya samu da laifi sai ya sa mata ankwa. Ban san lokacin da na ce, "Iya, kunu kika zo sha, ko naman ubana kika zo ci?" Inna ta yi min daƙuwa, ta ce in rufe mata baki. Na rufe, amma raina a ɓace yake da su duka, da matan, da Baffa mai shirun tsiya, da Baban da ya iya karanta fuskar ɓarawo amma ya kasa karanta ta yayansa.

Abin da na kasa jurewa shi ne magariba. Bai fasa shimfiɗa tabarmar ba ko rana ɗaya. Ya zauna a gefe ya bar wurin Baffa, ya yi loma biyu, ya rufe kwano. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Na ji tausayinsa ƙwarai, irin tausayin da ban taɓa zaton zan ji wa mutumin da nake tsoron takun takalminsa ba.

Ruwan shuka ya sauka wata rana da azahar. Washegari gari ya fashe, kowa ya nufi gona da sungumi da ƙwaryar iri. Baba ya tafi da ƙannena maza. Da hantsi sai ga shi ya dawo shi kaɗai, ya zauna a kan turmi a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ashe Baffa ya shuka gonarsa, amma ya tsaya nesa da igiyar. Ya bar fili kamar taku goma, tun daga bakin hanya har ƙarshe, babu ko rami ɗaya. Ba sai an fassara wa kowa ba: in ƙasa kake so, ga ta nan, ƙara.

Ya zaro takardar nan daga aljihu, duk ta yi laushi don naɗewa da warwarewa, ya miƙo min.

"Ke kin yi karatu. Duba nan da kyau. Na ci masa ko taku ɗaya?"

"Ba ka ci ba, Baba."

"To mene ne laifina?"

Da Inna ce da ta yi shiru. Ni kuwa bakin nan nawa. Na ce, "Baba, lokacin da kake aiki, in ka tare mutumin kirki a hanya, ka caje aljihunsa a gaban jama'a, ba ka sami komai ba, ka ce ya tafi, godiya yake yi maka?"

Ya dube ni. Na ce a raina yau na jawo wa kaina, da jegon da komai sai na sha tambayoyi. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tashi ya jefa ta a murhun da ake dafa min ruwan wanka, ya shige ɗaki.

Wurin da nake wanka jikin katangar zauren Baffa yake. Washegari da hantsi ina ciki sai na ji sallamar Baba a can. Allah ya yafe min, na ajiye ganyen wankan na kasa kunne. Na ji ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Matar Baffa ta gaya min daga baya cewa tsugunawa ya yi, gwiwoyinsa har suna ƙara, mutumin da ya saba a ƙame masa.

"Yaya, na kawo kaina. Na gama bincike, ni ne mai laifi."

"Nan ba caji ofis ba ne. Tashi ka hau tabarma."

"A bar ni a nan."

Sai Baffa ya yi magana.

"Ran da Tsoho mahaifinmu ya dasa gambar nan, ni na riƙe masa kwandon saiwa. Kai kana can wajen koyon fareti. Ya ce, wannan ɓangaren na ƙanenka ne, ka riƙe masa har ya dawo. Shekara nawa ke nan? Mutane sun sha ce min wanda ya sha ruwan famfo ba ya dawowa ƙauye, in haɗe gonar in huta. Ban haɗe ba. Ko zangarniya ɗaya ce ta fito a ɓangarenka, a buhunka take shiga. Sai ka dawo, ba ka ce Yaya ina iyaka ba. Ka bari na ba da baya, ka ɗauko abin awo."

"Wallahi Yaya ban zarge ka ba. Karkatar ce ta dame ni."

"Ni ba ta dame ni ba? Shekara da shekaru ina juya shanu a kwanar nan ina tsaki. Ban san abin da ya sa Tsoho ya karkatar da ita ba, ban kuma tambaye shi ba. Haka ya ba ni, haka na ajiye maka."

Daga nan ban ƙara jin magana ba, sai wani sauti da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Baba ne yake kuka. Na zauna a kan 'yar kujerar wanka, ni ma na yi nawa. Can na ji Baffa yana cewa, "Kai, ya isa, kar mata su ji. Sufeto guda! Je ka ɗauko fartanya."

Ranar suka roƙi saiwar gamba wurin maƙwabta, kowa ya tsaga musu daga tasa. Baffa na gaba yana jan sandarsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana tuno inda tsohuwar iyakar ta bi, Baba na biye yana haƙawa yana dasawa. Daga baya in yana ba mu labarin, sai ya rage murya ya ce sabuwar ta fi tsohuwar karkata nesa ba kusa ba, don Baffan ma ya manta wasu wuraren, amma ya cije bai ce tak ba. Turakun kuwa Inna ta kwashe ta ɗaure awaki.

Da magariba kwano biyu suka fita. Muna ciki muna jin Baffa yana mita wai an cika yaji. Aka dawo da su an suɗe tas. Inna ta buɗe, ta leƙa, ta rufe, ta miƙa wa ƙanwata ta ce ta je ta wanke, kamar ba komai. Ni dai na ga ta juya tana goge fuska da bakin zane. Ban daɗe ba na gama wanka na koma ɗakina.

Shekara shida suka ƙara tare. Baba bai zama manomin kirki ba, kar in yi masa ƙarya don ya mutu. Shukarsa ta fi ta kowa tafiya a layi, dammansa kuma sun fi na kowa ƙaranci. Amma a hankali ya zama mutumin da ake kawo wa rigima, ta manomi da makiyayi, ta maƙwabta a kan magudanar ruwa. Yana jin ta bakin kowa kamar da, sai dai ya koyi tambayar dattawa yadda aka saba yi kafin ya buɗe baki. Jikoki suka gaji faretin Asabar, su kuma so suke yi, don alawa yake raba musu in an tashi.

Da kaka Baba ya rasu, bayan zazzaɓin kwana huɗu, ana tsakar yankan gero. Kowa ya ɗauka Baffa ne zai riga shi, shi ma Baffan haka ya ɗauka. Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga zaure gaishe shi. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Na yunƙura zan tashi, sai ya ce in zauna.

"Kina nan shekarar nan, ko? Kina jego."

"Ina nan, Baffa."

"Kwana ashirin da tara na yi ina mayar masa da tuwo. Ina jin sa yana shimfiɗa tabarma, ina zaune a nan ina cin nawa ni kaɗai." Ya goge ido da hannun riga. "Shi laifinsa na yini ɗaya ne, kuma ya zo ya tsuguna. Ni nawa na wata guda ne, ban taɓa ce masa ya yafe min ba. Kullum ina cewa ai ni ne babba, ni zan riga shi, in na kwanta sai in faɗa masa."

Na ce, "Baffa, ai ya yafe tun a ranar."

"Na sani," in ji shi. "Amma da na faɗa."